Sa'adu Bai Kashe Akwatin Ba

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da aka fito da mijina a makara daga gidan mahaifina a Shagari, ni kuwa ina zaune a bakin ƙofar ɗaki da cikin da bai tsaya ya ga haihuwarsa ba. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake ce masa kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Yau da furfurata zan rubuta sunan a jarida kowa ya karanta: Sa'adu, ɗan gidan maƙera. Na yi kunya iyakar yi, kunyar kuwa ba ta wanke shi daga abin da aka shafa masa ba.

Ni tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya. Abin da zan faɗa ya faru ne a wani gari tsakanin Bodinga da Shagari, a ƙarshen zamanin Turawa, lokacin da suke haɗa kayansu. Ba zan ambaci sunan garin ba. Waɗanda suka yi abin duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa wasu ni na koya musu baƙi da wasali, ba su ji ba ba su gani ba.

Sa'adu a maƙera ya tashi, amma zuciyarsa ba ta tsaya ga fartanya da lauje ba. Yana saurayi ya tafi Sakkwato ya zauna wurin wani Bayarabe mai gyaran agogo da kekuna, ya dawo ya kafa rumfa a kasuwar Bodinga. Keken hawa, keken ɗinki, fitila, kwaɗo, duk abin da ke da ƙusa a jikinsa ba ya gagarar sa. A makon da na tare, na fita gaida dangi na dawo na tarar ya kwance kwaɗon akwatin aurena ya baza hanjinsa a tabarma, wai yana so ya ga yadda aka yi shi. Na yi kuka, ya mayar da shi ya fi da kyau, amma bai ba ni haƙuri ba, domin har ga Allah bai ga laifin da ya yi ba. Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, bai iya zaman fada ba, kuma idan ka tambaye shi abu zai ba ka amsar da ke akwai, ko da ba ita kake son ji ba.

A wannan zamani ne En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta rarraba akwatunan rediyo a wasu garuruwa, namu ya samu ɗaya. Aka ajiye shi a ƙofar gidan maigari, aka damƙa wa Sa'adu kula da shi, tunda shi kaɗai ne ba ya tsoron waya. Batirinsa ya kai girman tubali. Sa'adu ya ja waya ɗaya zuwa ƙololuwar tsamiyar ƙofar fada, ya ɗaura wata a jikin ƙarfe ya kafa a ƙasa. Idan ƙasa ta bushe yakan ɗauki buta ya zuba wa ƙarfen ruwa, ya ce akwatin ya fi ji idan gindinsa da laima. Kowa a garin ya saba ganinsa yana haka.

Abu ɗaya ya hana shi sakat. Da rana tsaka muryar Kaduna takan zo a raunane, sai an kasa kunne. Da zarar an yi magariba sai ta cika fili, har harsunan ƙasashen da ba mu san sunansu ba su riƙa kutsowa. Ya tambayi malamin makaranta, ya tambayi malamin asibiti, ba wanda ya sani. Ni da na yi elementare har nake koya wa matan aure karatu, sai ya dawo gida ya tsare ni.

"Malama, ke da kinka yi boko, mi ka cin muryar ga da rana?"

Ni kuwa bokona bai wuce jadawalin lissafi da sunayen koguna ba. Nakan ce masa ya ci tuwonsa kafin ya huce.

Nakan tuna wannan tambaya idan na bi ta fadama na ga manomin albasa ya rataya rediyo ƙarama kamar sabulu a reshen dogon yaro, yana ban ruwa yana jin labarin duniya. Bara an kafa wani dogon ƙarfen wayar salula a Bodinga, yanzu samari sai ka gan su sun ɗaga hannu sama suna zagaye kamar masu kamun fara. Idan magana ta yanke sai mutum ya yi tsaki ya ce babu sabis, ya mayar aljihu. Ba a kama kowa, ba a tuɓe wa kowa riga. Da Sa'adu yana nan na san abin da zai fara yi: zai ari wayar wani ya kwance bayanta, sai an yi rigima.

Lokacin da nake ba da labari siyasa ta shigo da zafinta. Akwai jam'iyyar masu mulki, akwai ta 'yan adawa, wadda yawancinta teloli ne da ƙananan 'yan kasuwa. Sa'adu bai yanki katin kowa ba. Sai dai akwai wani tela ɗan adawa da kekensa ba ya rabuwa da lalacewa, saboda haka kusan kowace ranar kasuwa yana rumfar Sa'adu, shi da abokan hirarsa. Magatakardan maigari, wanda zan kira Bawa ko da yake ba sunansa ba ne, ya same shi ya ce ya kori mutanen nan. Sa'adu bai ko ɗaga kai daga tayar da yake liƙi ba, ya ce, "Malam, keke bai da jam'iyya." Da ya ba ni labari da yamma dariya yake yi. Ni ban yi ba.

Ana nan sai aka yi shela cewa wani babban shugaba zai yi jawabi a rediyo ranar kaza da hantsi. Maigari ya ɗauki abin da girma. Ya gayyato manya daga birni, ya aika wa masu unguwanni, mutane suka tako tun daga wajen Mandera da Dingyadi. Aka yanka raguna, makaɗa suka zo. Ina cikin matan da aka kira aikin abinci a cikin gida. Sa'adu ya sa sabon batir, ya goge akwatin har yana ɗaukar ido, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Da lokaci ya yi muka ajiye muciya muka manne da zana muna leƙe.

Mai gabatarwa ya yi magana tar, kamar yana cikinmu. Shugaba ya yi bisimilla, ya gaida jama'a. Bai gama gaisuwar ba muryarsa ta fara yin ƙasa, kamar mutumin da ake zurarawa rijiya, har ta ɓace. Wanda ya san rediyon wancan zamani ya san ko babu tasha akwai wani shuu da take yi. To, har wannan ya ɗauke. Akwatin ya zama kamar turmi.

Na ga Sa'adu ya murɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu ko tari. Ya cire sabon batir ya mayar da tsoho, ya sake mayar da sabo. Ya hau tsamiya da farar rigarsa ya bi waya da hannu, ya sauko da yagaggen hannun riga. Ya ɗauki buta ya zuba wa ƙarfen nan ruwa. Baƙi suka fara kallon juna. Maroƙi ya yi ƙoƙarin cike wurin da kirari, muryarsa ta ƙi tashi. Can daga bayan taro wani, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya ɗaga murya ya ce, "Akwati ma ya shiga adawa!" Fili ya ɗauki dariya. Ina jin wannan dariyar ce ta kashe mijina.

Manyan baƙi suka tashi suka shiga motarsu, ba su taɓa naman ba. Bayan kamar tsawon dahuwar wake, ba wanda ke kusa da akwatin, sai murya ta dawo da kanta a hankali. An gama jawabi, goge ake kaɗawa.

Bawa ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Sa'adu, mi kay yi ma akwatin ga?"

Sa'adu ya durƙusa wajen maigari ya ce, "Ranka shi daɗe, akwati lahiya lau shi ke. Abin ba nan shi ke ba, daga sama na." Ya nuna sararin sama da hannu.

Kafin la'asar 'yan doka sun tafi da shi. A gaban alƙali aka kawo shaidu. Wani ya ce ya ga yana zuba ruwan asiri a gindin waya, alhali mutumin nan ya sha riƙe masa butar. Wani ya ce rumfarsa matattarar 'yan adawa ce. Aka ce in ba shiri ba, yaya murya za ta tafi daidai farkon jawabi ta dawo daidai ƙarshensa? Maganar da ya yi ta sama kuwa aka raba ta biyu: wasu suka ce shugabanni yake wa ba'a, wasu suka ce Ubangiji yake ɗora wa laifinsa. Alƙali ya tambaye shi, in ba shi ba ne, to wane ne? Ya ce, "Allah shi gafarta malam, ban sani ba."

Wansa Mamman ya roƙe shi da hawaye ya ce batir ne ya mutu, kuskure ne, ya tuba. An nuna wa Mamman cewa in ya faɗi haka abin ba zai wuce faɗa da kora ba. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mayar da shi wasa. Sa'adu ya ce batir bai mutu ba, ba zai ce ya mutu ba. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gidansa, ya zaɓi mutuncin batir.

An yi masa bulala ranar kasuwa a gaban rumfarsa, mutanen da ke hawan kekunan da ya gyara suna tsaye. Daga nan gidan yari. Mamman bai haƙura ba. Da ya ji Di'o, wani Bature da mutane suka laƙaba wa Mai Lofe, ya fito rangadi, sai ya je ya zauna a gindin bishiya tun safe har aka ba shi dama. Ya zayyana komai, da ranar, da jawabin, da yadda murya ta tafi ta dawo. Bature ya saurara yana zuƙar lofensa, sannan tafinta ya juyo ya ce, "Ya ce shi ba ya shiga shari'ar alƙali." Su kuwa 'yan adawa sun yi kaka guda suna kiran sunan Sa'adu a wurin lacca, suna cewa ga zalunci. Ko mudun gero ba wanda ya aiko mini a cikinsu. Telan ma ya ɗauke kekensa ya bar ƙasar.

Ya yi damina a ɗaure, ya fito da tari. Rumfarsa an ba wani. Ba mai kawo masa gyara, kowa na tsoron a gan shi tare da shi. Mahaifina ya aiko da jakai aka kwashe mu zuwa Shagari. A can masu magani suka ce tarin fuka ne. Yana kwance yake gyara fitilun maƙwabta, don hannunsa ba ya iya zama haka nan. Bai taɓa yi mini zancen bulala ba sai sau ɗaya, wata rana da hantsi ina shafa masa man shanu a baya, yatsuna suna bin tabon. Ya ce, "Malama, da na san abin da yac ci muryar nan, da ba ta yi min zahi haka ba."

Ya rasu da bazara. Lokacin da gari ya ɗauki kiɗan samun 'yancin kai, ina ɗaki ina jego. Yaron muka kira shi Audi, kamar yadda ake kiran wanda bai tarar da ubansa ba.

Na koma makaranta na zama malama, na rene shi da alli. Abin da na faɗa masa game da ubansa shi ne tari ya kashe shi, kuma ban yi ƙarya ba. Allah da ikonsa, yaron ya ɗauko hannun uban da kansa duka. Ya je jami'a ya karanta fiziks. Wani hutu yana zaune a tsakar gida da azahar yana neman tasha a gajeren zango a rediyonsa, ta ƙi fita sosai, sai ya kashe ya ce bari rana ta faɗi. Na ajiye tsintsiya na yi masa tambayar nan da ubansa ke yi mini, kalma da kalma.

Ya yi murmushi, yana zaton hira ce. Ya ce muryar tasha mai nisa ba ta zuwa mana a miƙe, sama take hawa ta dawo. Can sama, nesa da inda jirgi ke kaiwa, iska ba ta da kauri, kuma hasken rana yana bugun ƙwayoyinta yana ɓalle musu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektoron. Idan igiyar rediyo ta iso, sai waɗannan ilektoron su karɓi ƙarfinta su yi ta lilo da shi. A can ƙololuwa, inda fili yake fetal, suna mayar da abin da suka karɓa, igiyar ta lanƙwaso ta dawo ƙasa mu ji magana. Amma kafin ta kai can sai ta ratsa wani hawa na ƙasa-ƙasa inda iska ta fi cunkoso. A nan ilektoron ba ya samun sukuni. Da ya karɓi ƙarfi ya motsa sai ya yi karo da ƙwayar iska, ƙarfin ya zube ya zama ɗan ɗumi da ba mai jin sa.

"Inna," ya ce, "ki ɗauka mace ta ɗauko ƙwaryar nono cike fal. In ta bi ta fili za ta kai shi yadda yake. In ta ratsa tsakiyar kasuwar Bodinga, wannan ya bangaje ta wancan ya bangaje ta, kafin ta fita saura rabi. Da rana kasuwar nan tana ci. In rana ta faɗi sai ilektoron ɗin wannan hawa su koma jikin ƙwayoyin iska, kasuwa ta watse, murya ta wuce lafiya."

Na ce, to ana iya zubar da nonon duka? A tsakiyar hantsi, har shuu ɗin ya ɗauke, sannan ya dawo da kansa?

Ya ce ƙwarai. Wani lokaci rana takan yi aman wuta, hasken ya iso cikin 'yan mintoci ya cika wannan hawa da ilektoron fiye da kima, su shanye duk abin da ya ratso. Duk inda rana take haskawa a duniya gajeren zango sai ya mutu, har masu aikin su zaci na'urarsu ce ta lalace. In abin ya lafa sai magana ta dawo. Ya ƙara da cewa shekarun ƙarshen mulkin Turawa an san su da yawan wannan, domin rana ta yi tashin da ba ta saba yi ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Inna, lafiya? Ina kika san wannan?"

Ranar na faɗa masa ko ɗan wane ne shi.

Audi ba mai saurin yanke hukunci ba ne. Ya ce abin ya yi kama, amma ba zai rantse ba sai ya ji ko ya faru a wani wuri a wannan rana. Ya yi ta cigiya a Sakkwato har aka haɗa shi da wani tsoho da ya yi aikin wayar iska, wato aika saƙon gwamnati ta rediyo, a zamanin Turawa. Tsohon bai yi dogon tunani ba. Ya ce yana tune da ranar, domin su ma sun kunna akwati a ofis don jin jawabin, ya mutu tare da duk na'urorinsu. Ya ce Mai Lofe da kansa ya shigo da saƙon da yake so a aika, Baturen injiniya ya ce masa rana ce, ya je ya sha shayi ya dawo. Suka yi dariya.

Ashe mutumin da Mamman ya durƙusa wa a gindin bishiya ya sani. Ba sai ya shiga shari'ar kowa ba. Jimla ɗaya zai faɗa wa tafinta. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, ni dai na ga wanda ilimi ke aljihunsa ya bar shi a can don kada ya ɓata zamansa da masu sarauta. Sun zo sun ce sun kawo mana haske, ranar da muka buƙaci ɗan tsinken ashana sai aka ce ba hurumin Bature ba ne.

Saura mutum ɗaya da ke raye a lokacin, Bawa. Ya zama Alhaji, ya yi kansila, ya gina masallaci a ƙofar gidansa. Na ce wa Audi ya kai ni. Abin da nake so kaɗan ne. Ina so in ga fuskarsa idan ya gane cewa sun yi kuskure. Muka same shi a zaure kan buzu, ido ya fara tafiya. Audi ya gaishe shi da ladabi, ya yi masa bayanin nan duka a hankali, da rana, da ilektoron, da tsohon mai wayar iska. Bawa ya saurara yana jan carbi. Da aka gama sai ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Hajiya, ai ba sai kun wahalar da yaro ba. Kowa ya san Sa'adu bai taɓa akwatin ga ba. Ina tsaye bayanai tun hwarko har ƙarshe. Amma an kunyata maigari gaban baƙinai, birni kuma suna jiran su ji wa ya yi. In ce musu rana ta? Wa ka ɗaure rana?"

Sai ya ƙwala wa jikarsa kira ta kawo wa baƙi fura. Bai nemi gafara ba, ban ga alamar ya san akwai abin nema ba. Na dafa Audi, muka miƙe. Furar tana nan inda aka ajiye ta muka fito.

Na je da zaton jahilci ne ya kashe mijina, na dawo da sanin ba shi ba ne. Da jahilci ne da sauƙi, don shi ana maganinsa da makaranta, kuma a kan wannan imani na ƙarar da ƙuruciyata a aji. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka haƙa wa Sa'adu ya isa a binne mutum, gaskiya kuwa da ta zo ihu ne bayan hari.

Me zai ce da zamanin nan? Na tabbata amsar tambayarsa za ta faranta masa rai fiye da duk wani wanke suna. Zai sa Audi ya maimaita masa sau uku, sannan ya kawo wata tambayar da ta fi ta wuya. Zai yi mamakin faifan tauraron ɗan'adam a kan rufin laka, da yaran da ke magana da Makka daga bakin tasha. Abin da ba zai ba shi mamaki ba shi ne yadda har gobe, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar taron manya, ko gini ya rufta, ko takarda ta ɓace a ofis, ba a tambayar me ya faru, sai wa za a kama. Kuma wanda ake kamawa kullum shi ne wanda hannunsa ke da baƙin mai. Turawa sun tafi, masu rawani sun ba masu kaki wuri, masu kaki sun ba masu babbar riga, wannan ɗabi'a ba ta ko canza ɗaki ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wani abu da ya faru a wata walima a Bodinga. Ana cikin wa'azi janareta ya mutu, lasifika ta yi shiru. Sai wani saurayi a kusa da rumfar mata ya yi dariya ya ce, "Kai, wa ya yi muna Sa'adu?" Abokansa suka tuntsire. Na sa aka kira mini shi. Yaro mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa. Na ce, ɗana, wane ne Sa'adu? Ya ce, "Hajiya, ba kowa ba na. Magana ta kawai, haka aka cewa in wani ya ɓata taro."

To, ga abin da ya rage. Ba shi da hoto. Kabarinsa ya baje, ko Mamman kafin ya rasu ba ya iya nuna wurin. Kayan aikinsa an sayar an yi masa magani. Ya bar ɗa da ke tsayawa gaban ɗalibai yana koya musu abin da ke faruwa a saman da ubansa ya nuna da hannu, ɗa mai taurin kai wanda shi ma ba a taɓa sa shi ya ce batir ya mutu ba, kuma hakan ya ja masa abin da ya ja masa a wurin aiki. Wannan ina gode wa Allah da shi. Amma a bakin jama'ar da ya yi wa gyara, abin da ya wanzu shi ne sunansa ya zama ba'a, yara suna jifa da shi ba su san na mutum ba ne. Na auna biyun nan na sake aunawa, ban iya cewa na farko ya rinjayi na biyu ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan magana ta taɓa fita daga bakinsa, a Bodinga ko Shagari ko ƙauyukan da ke tsakani, ya sani mutum ne. Yana da mata, ga ta nan ba ta mutu ba tukuna. In kalmar ta sake zuwa maka a harshe, ka mayar da ita addu'a. Allah Ya jiƙan Sa'adu, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Sauran kuwa, da mai alƙalami, da mai bulala, da masu shaida, da Baturen da ya sani ya yi shiru, mutane sun sha ce mini in yafe tunda ƙasa ta rufe su. Na gwada, bai yiwu ba. Na bar su da Alƙalin da ba a kai wa shaidar zur.